Wai a shaƙi magani, huhu ya ci gaba da haɗa shi da kansa?

Mutari: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tunda kullum a nan ana kukan allura da tsadar magani, ga wani aiki da masu bincike na Ingila suka kwashe shekaru suna yi, na ce bari in baje shi a faifai. Akwai cututtukan da tushensu abu ɗaya ne: jiki ya kasa yin wani furotin guda, saboda ƙwayar gadon da ke ba da umarnin yin sa ta zo da tangarɗa tun daga iyaye. Yadda ake yi yanzu, a haɗa furotin ɗin a kamfani ko a tace shi daga jinin mutane, a yi ta ɗura wa mara lafiya ta jijiya iya tsawon rayuwarsa. Su kuma suka ce, me zai hana a sa mutum ya shaƙi lafiyayyar ƙwayar gadon ta sauka cikin huhu, huhun ya karɓi umarnin ya riƙa yin furotin ɗin da kansa, wani ya tsaya nan, wani ya tsallaka cikin jini?

Alhaji Ari: Wa alaikumus salam. Mutari ɗana, anya karatun likitan nan bai fara yi maka yawa ba? Huhun da muka sani aikinsa iska. Yau kuma shi zai koma farmasi?

Mutari: Baba Alhaji, ku ɗan saurare ni. Kowace ƙwayar halitta ta jiki ta iya yin furotin, abin da aka umarce ta shi take yi. Huhu kuma yana da abin da sauran gaɓoɓi ba su da shi. 'Yan jakunkunan iskar da ke cikinsa sun kai miliyan 300 zuwa 500, in aka shimfiɗa su faɗinsu ya haura murabba'in mita 50. Fatar da ta raba iska da jini a wurin ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Sannan duk jinin da zuciya ke bugawa, kusan lita 5 a minti, sai ya ratsa ta huhu. Uwa uba, ana isa gare shi ba tare da wuƙa ko allura ba.

Gambo: Ba allura? To a rubuta sunana na farko.

Majo Habsu: Gambo, tsaya tukuna. Mutari ya faɗi daɗin, bari in faɗi wuyar. Huhu an halicce shi ne don ya kori baƙo. Hanyoyin iskar a shafe suke da kaki, ƙarƙashin kakin akwai wasu 'yan gasu da ba sa hutawa, suna tura duk abin da ya maƙale zuwa maƙogwaro, a haɗiye ko a tofar. Wanda ya tsere wa waɗannan, can ƙasa akwai ƙwayoyin garkuwar jiki suna jiran sa su cinye. Ba don haka ba, da ƙurar hunturun Damagaram ta gama da mu tuntuni.

Kuma ko maganin asma da muke turara wa yara da na'ura, ku zo ku gani. Yaro na ihu, uwa ta danne masa hannuwa, abin rufe hancin ya zame gefe, hayaƙin maganin na fita ta kumatu. Ɗigon da zai kai ƙasan huhu sai wanda bai wuce kashi 5 cikin dubu na milimita ba, manyan duk a baki da maƙogwaro suke ƙarewa. Na asma in ya zube a ƙara wani. Wanda aka saya da miliyoyi fa?

Mutari: Gaskiya ne Yaya Habsu, kuma abin da ya riƙe su shekara da shekaru ke nan. Asalin aikin a kan wani ciwo ne da ya fi kama Turawa, mukobisidoz, wanda ke sa kaki ya yi kauri ya toshe huhu. An gano ƙwayar gadonsa a 1989, mutane suka ɗauka magani ya kusa. A 2001 masu bincike na Oxford, London da Edinburgh suka haɗa kai wuri guda. Sai a 2015 suka fitar da sakamakon babban gwajinsu: mutum 140, wasu aka riƙa shaƙa musu ƙwayar gadon a naɗe cikin ɗigon mai sau ɗaya a wata har shekara, sauran aka ba su ruwan gishiri. Bambancin ƙarfin numfashi tsakanin rukunin biyu ya tsaya kashi 3.7 cikin ɗari.

Ibro: Shekara 26 ana abu ɗaya, a samu 3.7. Madalla.

Lawali: Ibro, kada ka raina. Wannan ne karon farko da aka nuna cewa ƙwayar gadon da aka shaƙa ta taɓa numfashin mutum ko da kaɗan. Su ma ba su ce ya isa a sayar ba. Abin da suka koya shi ne ɗigon mai ba ya shigar da kaya da yawa, sai suka koma ga wanda ya fi kowa iya kutsawa cikin ƙwayar halitta, wato birus. Ni ma abin da nake koya wa yara a lakwal ke nan: birus ba shi da wata sana'a sai cusa nasa umarnin cikin ƙwayar wani. To sai a kwashe nasa umarnin, a zuba wanda ake so. Nasu sun haɗa shi daga biyu ne. Cikinsa daga wani birus na birai, rigar wajen daga birus ɗin Sendai wanda ya ƙware wajen kama hanyoyin numfashi.

Alhaji Ari: Wane birus na birai?

Lawali: SIV. Dangin na sida ne, ba zan ɓoye muku ba.

Alhaji Ari: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Gambo, har yanzu kana kan gaba a layi?

Gambo: Na tuna ina da uzuri a kasuwar Dole.

Mutari: Baba Alhaji, an cire masa duk abin da yake hayayyafa da shi, ba ya iya yin 'ya'ya balle ya jawo ciwo. Irin wannan da aka gyara daga na sidar mutane ma an daɗe ana amfani da shi a Turai da Amurka wajen maganin sankarar jini. To da suka samu wannan abin ɗaukar kaya sai tunanin ya faɗaɗa: tunda yana shiga huhu, ai ba dole sai ciwon huhu ba. A 2018 suka nuna a jikin ɓeraye cewa huhu na iya yin furotin biyu waɗanda asali hanta ke samarwa. Na farko alfa-1, mai kare huhu daga lalacewa. Masu rashinsa ana ɗura musu shi ta jijiya kowane sati. Na biyu fakto na 8, mai sa jini ya daskare. Alfa-1 ɗin ya ci gaba da fita fiye da shekara bayan shaƙa guda.

Majo Habsu: A jikin ɓeraye.

Mutari: A jikin ɓeraye, i. Na mutane yanzu aka fara taɓawa. Wani kamfanin Amurka, Krystal Biotech, ya soma gwada nasa na alfa-1 kan mutane ƙalilan, shi kuma da birus ɗin da ke kawo ƙurajen leɓe ya yi nasa.

Ibro: Ni fa duk inda na ji "gwaji" sai gabana ya faɗi. Nan Kano, tafiyar 'yan awoyi daga nan, a 1996 lokacin annobar sanƙarau, Pfizer ta yi gwajin maganinta Trovan da yara wajen 200, kusan rabinsu aka ba shi, 11 cikin yaran gwajin suka mutu. Aka yi ta shari'a sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano. Iyayen suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne. Wannan ƙwayar magani ce ma da ake sha ta fita. Ina ga wanda zai shiga ya zauna cikin halittar mutum?

Lawali: Tsoronka na da tushe, kuma su kansu Turawan sun sha wuta a wannan fannin. A 1999 wani saurayi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, ya mutu a Amurka kwana huɗu bayan an ɗura masa birus ɗin da aka gyara, garkuwar jikinsa ce ta tashi gaba ɗaya ta kashe shi. Bayan nan a asibitin Necker na Paris, yaran da aka haifa ba garkuwa an yi musu irin wannan magani sun warke, amma huɗu daga cikinsu suka kamu da sankarar jini, ɗaya ya rasu. Dalili, ƙwayar gadon da aka kai ta je ta zauna kusa da wata mai sa ƙwayoyin halitta su yi ta yawaita, ta tashe ta. Na yanzu an gyara su sosai don kauce wa haka, amma ba a wanke su tas ba. Shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka ke neman a bi mutum da kallo har shekara 15.

Majo Habsu: Shekara 15! Mu da mara lafiya zai zo daga wani ƙauye bayan Tanut, ka ce ya dawo bayan sati biyu, ba za ka ƙara ganin sa ba sai ciwon ya kayar da shi. Ba laifinsa ba ne, kuɗin mota ne da gona.

Lawali: Amma ku dubi abin ta nan. Mu 'yan Zinder ba wanda zai ba mu labarin ruwa. Wanda ake ɗura wa furotin kowane sati, mai sayen ruwa ne wurin 'yan ga-ruwa: ran da babu kuɗi ko kura ba ta zo ba, gida ya kwana da ƙishi. Wannan sabon kuwa rijiya ce za a haƙa maka a tsakar gida.

Majo Habsu: Malam Lawali, ba rijiya ba ce, don rijiya sai ka ga dama ka ja guga. Famfo ne da aka kafa ba makunni. In ya yi kaɗan ba ka iya ƙarawa cikin sauƙi, in ya yi yawa ba ka iya rufewa. Allura in ta ba mutum matsala sai mu daina, kwana biyu ta fice daga jiki. Wannan wa zai shiga huhu ya ciro shi?

Mutari: Nan ne ma masu binciken suka rabu. Na Ingilan yana manne ƙwayar gadon cikin ta mutum, don haka yana daɗewa. Na Krystal ba ya mannewa, yana gushewa, sai an riƙa maimaitawa. Ɗaya ya fi ɗorewa, ɗaya ya fi sauƙin janyewa.

Alhaji Ari: To bari in tambayi abin da ya dame ni. Shekara nawa ina fama da ciwon suga, cinyata duk ta zama rariya saboda insulin. Ga neman ƙanƙara ran da wuta ta ɗauke firigo ya huce. Insulin ba furotin ba ne? A sa huhuna ya yi mini mana.

Mutari: Furotin ne, Baba Alhaji, amma shi ne bai dace da wannan hanya ba sam. Insulin dole ya hau in kun ci tuwo, ya sauka in kun yi barci ko kuna azumi. Huhu bai san kun ci ko ba ku ci ba, zubowa kawai zai yi. Cikin dare suga ya faɗi ƙasa, shi ke nan sai dai wani ba ku ba. Wanda ya dace shi ne furotin da jiki ke so koyaushe daidai wa daida, wanda ɗan ƙari ko ɗan ragi ba ya kisa. Akwai dai insulin na shaƙa, amma shi garin maganin ne kansa ba ƙwayar gado ba. Exubera ya fito a 2006, shekara ɗaya aka janye shi don bai samu kasuwa ba. Afrezza ya biyo a 2014.

Alhaji Ari: Wato ni dai in ci gaba da huda cinya.

Hajiya Ramatu: Salamu alaikum, ina ta karantawa ban sa baki ba. Mutari, 'yata ta biyu mai sikila ce. Duk hunturu muna asibiti, wani lokaci har ƙarin jini. Na ji kana cewa ciwon gado. Wannan na shaƙar zai yi mata?

Mutari: Hajiya, Allah Ya ba ta lafiya. Ba zan sa muku rai a banza ba, wannan hanyar ba ta sikila ba ce. Ita tana aiki ne in furotin ɗin irin wanda ake yi a wani wuri a sako shi ya yi yawo cikin ruwan jini ne. Matsalar sikila tana ƙunshe a cikin jajayen ƙwayoyin jini, su kuma a ɓargo ake yin su. Ko huhu ya yi lafiyayyen furotin ɗin ba shi da ƙofar da zai shigar musu da shi. Dole sai an gyara ɓargon. An yi hakan kuwa: Casgevy, Ingila da Amurka sun amince da shi a ƙarshen 2023. Sai dai sai an ciro ƙwayoyin ɓargon mutum, a kai su a gyara, a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu sankara ya share tsohon ɓargon, sannan a mayar, ya yi makonni a keɓe a ɗakin da ba a yarda ko ƙura ta shiga ba. Maganin sharewar na iya hana haihuwa. Kuɗinsa dala miliyan 2.2 na Amurka.

Gambo: Dalar Amurka fa, Hajiya, ba tamu ta sefa biyar ba.

Hajiya Ramatu: Na gane. Allah Ya sa mu dace. To mu ciwon da ya cika mana gidaje ba ya ciki, ciwon wa ake nema wa magani ke nan?

Ibro: Tambayar da nake jira ke nan. Mukobisidoz na Turawa. Rashin alfa-1, a Suwidin aka fara gano shi a 1963, ya fi yawa a arewacin Turai. Mu 'yan kallo ne.

Zainabu: Ku yi haƙuri in katse ku. Mutari, ka ambaci wani abu mai sa jini ya daskare. Ɗan yayata da aka yi wa kaciya bara, jini ya ƙi tsayawa. Sauran yaran da aka yi musu tare har sun fara wasa, shi tsumma bayan tsumma yana jiƙewa. Wanzami ya sa garin magani, ya ɗaure, ya sake ɗaurewa. Kwana biyu sai ga yaro ya yi fari fat, leɓensa kamar ba jini, aka ɗauke shi a kabu-kabu cikin dare. Sai da aka ƙara masa jini ya dawo. Tun yana rarrafe ma in ya bugu sai wurin ya yi baƙi ya kumbura, gwiwarsa ta dama yanzu ba ta miƙewa sosai. Innarmu ta ce ƙanenta ma haka ya rasu yana yaro, wai a gidanmu ƙarfe ba ya son maza.

Majo Habsu: Zainabu, ajiye duk abin da kike yi ki karanta wannan da kyau. Ban ga yaron ba, kuma ba a yanke ciwo ta waya, amma abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da himofiliya, ciwon rashin furotin ɗin da ke sa jini ya daskare. Ta wajen uwa take bi. Mata na ɗauke da ita yawanci ba su sani ba, maza take kayarwa. Shi ya sa kawunku, sannan ɗan yayarki. Cikin maza 5,000 da aka haifa ana samun kamar ɗaya, kuma ba ta san Bature ko baƙi ba. Ibro, ga amsarka. Muna da su. Ba a ƙirga su ne kawai, don da yawa ba sa wuce ranar kaciya, a ce jini ne ya ƙare ko an yi wa yaro baki.

Zainabu: Wayyo. Yana da ƙane, bana ake shirin yi masa.

Majo Habsu: Kada a yi. Kada ƙarfe ya taɓa shi, ko cire beli ko ƙaho ko tsaga, sai an auna jininsa.

Mutari: Irin waɗannan yaran ne maganar huhu za ta fi yi wa rana in ta tabbata. Fakto na 8 da ake ɗurawa, cikin awa 12 rabinsa ya ƙare a jiki, don haka mai tsananin ciwon sai an nemi jijiyarsa sau biyu ko uku a sati. Amma abin da jiki ke buƙata ba yawa. Mai tsanani yana da ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na abin da lafiyayye ke da shi. In aka ɗaga shi ya haura kashi 5, ya koma mai sauƙi, jini ya daina zuba cikin gaɓoɓi haka kawai. Ko kaɗan huhu ya tsiyayo cikin jini, rayuwar yaro ta canja.

Ibro: Ba na ji an riga an yi na himofiliya ba?

Mutari: An yi, amma ta hanta. Ana ɗura birus ta jijiya ya tafi hanta. Hemgenix, na masu rashin fakto na 9, wato ɗayan nau'in himofiliya, ya fito a 2022 kan dala miliyan 3.5, wato wajen miliyar 2 na sefa, mutum ɗaya. Kuma ko an ba mu kyauta akwai cikas. Na manya ne kawai, don hantar yaro tana girma, maganin sai ya tsarke. Sau ɗaya ake yi, domin daga nan garkuwar jiki ta gane birus ɗin, in ya dawo za ta kashe shi a hanya. Sannan ana son lafiyayyar hanta, mu kuwa kun san yadda ciwon hanta nau'in B ya yi mana katutu. Na huhun, a ɓeraye dai, an maimaita shi ya ci gaba da aiki, kuma bai dogara da hanta ba.

Malam Sanusi: Salamu alaikum. An yi ta turo mini cewa in leƙo. Asalin neman magani halal ne, hadisi ya tabbata a Buhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar mata da magani. Majalisar fikihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta duba wannan babi a zamanta na Riyad a 2013. Gyaran da ya tsaya a jikin mara lafiya sun halatta shi da sharuɗɗa: kada cutarwarsa ta fi amfaninsa, a yi zaton samun sauƙi mai rinjaye, masana amintattu su yi shi. Inda aka tsananta shi ne taɓa maniyyi da ƙwan mace, saboda nasaba. Tambayata gare ka Mutari, wannan yana bin zuriya? Kuma ƙwayar gadon daga jikin wa ake ciro ta?

Mutari: Allah gafarta Malam, ba ya bin zuriya. A huhu yake tsayawa, mutumin da aka yi wa zai iya haifar ɗa ko jika mai ciwon kamar da. Wanda ya taɓa 'yan tayi shi ne wani ɗan Sin, He Jiankui, a 2018, kuma ƙasarsa ta ɗaure shi shekara 3. Ita ƙwayar gadon ba daga jikin kowa ake yanko ta ba, an san jerin rubutunta, a ɗakin bincike ake haɗa ta a yawaita ta.

Gambo: Malam, in an shaƙa da rana a watan azumi fa?

Malam Sanusi: Gambo, ko a kan abin fesawar masu asma malamai sun saɓa. Bari maganin ya iso tukuna, in muna raye ka tambaye ni.

Ibro: Ba zai iso ba, Malam. Miliyar 2. Ko na huhun ya fito, kuna tsammani za su ce tunda shaƙa ake yi a ba talaka a jaka biyar? Farashin ba daga wahalar ɗurawa yake ba, daga abin da inshorar Amurka za ta iya biya yake.

Lawali: Ba kullum ba. Ka manta rigakafin sanƙarau? Kafin 2010 wane irin kuka ake yi a ƙasar nan duk bazara? MenAfriVac da aka fara da Burkina Faso, Mali da Nijar, tun farko an yanke cewa kada kowace allura ta wuce rabin dalar Amurka, aka ba kamfanin Serum na Indiya ya yi. Nau'in A na sanƙarau ya kusa ɓacewa. Abin da ya sa na damu da maganar huhu shi ne, in farashi ya sauko, sauran kayan aikin muna da su. Casgevy ko kyauta ne sai an gina mana asibiti na musamman. Na'urar turara magani kuwa Majo na da ita a ɗakin aikinta.

Ibro: Rigakafi mutum miliyan ɗaruruwa za a yi wa, shi ya sa ya yi arha. Masu himofiliya nawa ne?

Mutari: Akwai inda lissafin Ibro zai iya juyawa. Furotin ɗin garkuwa ma furotin ne da ake sakowa. Waɗancan na Ingila sun sa huhun ɓeraye ya yi wanda ke tare mura mai tsanani, ɓerayen suka tsira daga birus ɗin da ya kashe 'yan uwansu. A gefe guda, a Mali an gwada wani furotin ɗin garkuwa na zazzaɓin cizon sauro kan manya, ɗurawa guda ta jijiya, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ya kare kashi 88 cikin ɗari tsawon wata shida. Haɗa biyun tunanina ne ni kaɗai, amma ku duba yawan masu buƙata in da za a iya. Ita shaƙar kanta an riga an yi wa jama'a da yawa: Sin ta amince da rigakafin korona na shaƙa na kamfanin CanSino a 2022, kuma birus ne da aka gyara a cikinsa.

Majo Habsu: To ni ga inda na tsaya. Huhun ɓeran ɗakin bincike bai taɓa shaƙar hayaƙin itace ba. Matanmu tun suna 'yan shekara goma suke durƙushe gaban murhu. Ga ƙura wata huɗu a shekara, ga tarin tibi da ke barin tabo, ga yaran da limoniya ta kama sau biyu sau uku kafin yaye. Huhun da ke cike da kaki da kumburi ba zai karɓi kaya kamar na mutumin Oxford ba. In ana so a san ko zai yi mana aiki, sai an gwada a kan huhu irin namu. Ibro, kai ka ce ba ka son a yi gwaji a kanmu, kuma kai ne ke ƙorafin ba a yi magani domin mu ba. Wanne ka zaɓa?

Ibro: Na zaɓi a gwada a kan 'ya'yansu ya yi kyau, sannan a zo nan da takarda da Hausa, a karanta wa uba da uwa, likitocinmu na tsaye, kuma a rubuta tun farko nawa za a sayar mana in ya yi. Ba a ɗebi jininmu a tafi ba.

Lawali: Wannan ai ba ƙin gwaji ba ne, sharaɗi ne. Ni ma na sa hannu.

Ibro: Sa hannunka da nawa wa ya tambaya?

Alhaji Ari: Ku bar gardamar nan haka, akwai yaro a gaba. Majo, me za a yi wa jikan mutanen nan?

Majo Habsu: Zainabu, ku zo da su duka biyun ran Litinin da safe, ki neme ni ta waya in kun iso. Za a fara da awon daskarewar jini, in likita ya ga sai an auna fakto ɗin kansa zai rubuta muku takarda, ko da Yamai ne. Kafin nan kada a ba babban yaron aspirin ko ibuprofen ko diclofenac in yana kukan gwiwa, suna ƙara zubar jini. Paracetamol kawai, a sa ƙanƙara a tsumma a ɗora. Kada a yi masa allura a ɗuwawu. Ki zauna da innarku ta lissafo miki duk namijin da ya taɓa irin wannan ta wajenta, har 'ya'yan 'yan uwanta mata. Ke ma in kina da ɗa namiji ki taho da shi.

Zainabu: Ina da, wata bakwai. To Yaya Habsu, in sha Allahu. Yayata ba za ta ƙi ba. Mijinta ne ya riga ya ba wanzami kuɗi, an sa rana bayan Sallah tare da 'ya'yan ƙannensa.

Malam Sanusi: Ki turo mini lambar mijin ta gefe, ni zan kira shi bayan Isha'i.